Habbanayen Ordinatar

Da na ajiye alli na bar aikin lakol, abin da ya fi damuna shi ne safiya. Mutum ya saba ya shiga aji yara su miƙe gaba ɗaya su gaishe shi, sai ga shi zaune ƙofar gida yana korar awakin maƙwabta daga jikin darni. Ina da wata tsohuwar ordinatar, kwamfuta in ji mutanen Najeriya, wadda na saya ta hannu a Maradi tun ina aiki. Baƙa ce mai nauyi, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ita na riƙa fitowa da ita gindin itacen bedin ƙofar gidana a Cadawa, don dai masu wucewa su ga ina wani abu.

Telan unguwarmu ne ya fara zama. Ƙanensa ya aiko masa da ordinatar daga ci-rani, ba abin da ya iya da ita sai kallon kokawa. Daga baya wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi ya zo da tasa a cikin buhu, sai malaman lakol biyu ko uku da ke leƙowa in an yi hutu. Kafin mu ankara mun zama fada, wato majalisar hira da shayi. Muna zama washegarin kasuwa bayan la'asar, tela na dafa shayi, kowa da na'urarsa a gabansa. Muka kafa doka: duk wanda ya zo da dabarar mako, wato wani abin da zai amfani sauran game da ordinatar, shi ke shan kofin farko. Ni na kawo dokar, kuma ba zan ɓoye ba, don kaina na kawo ta.

Na sha kofin farkon nan har na manta ɗanɗanon na biyu. Ni na hana su ɗora ordinatar kan katifa, na ce ta ƙasa take numfashi, a samo guntayen katako biyu a ɗora ta iska ta ratsa. Ni na ce in an ɗauke wuta a zare waya daga bango, don in za ta dawo da ƙarfi take dawowa, ta ƙone sharja. Na hana ɗan kasuwa cin ƙuli-ƙuli a kan maɓallai bayan kiyashi sun yi gida a cikin tasa. Na koya musu kada a fizge kile, ƴar sandar nan ta ajiya da ake soka wa ordinatar, sai an fara sallamarta ta allo. Abin da duk kake so kuwa ka ajiye shi wuri biyu, manomi mai hankali ba ya zuba irinsa duka a rumbu ɗaya. Suna gyaɗa kai, ina jin kaina kamar ban bar aji ba.

Ana nan sai wani Bafillace ya fara tsayawa. Magidanci ne, ya ba arba'in baya, rugarsu na can gabas da gari. Yakan shigo kasuwa ya kwana wurin wani dillali, in zai koma sai ya jingina da sandarsa nesa da tabarmarmu ya yi ta kallo. Mun yi masa tayi ya fi a ƙirga, ya ce a'a, nan ma ya isa. Ran da ya matso, waya ya miƙo mini, ya ce da Hausarsa mai karye-karye wai ta cika, ta ƙi ɗaukar hoto. Na duba. Shanu ne, wallahi, tun daga farko har ƙarshe, ko hoton ɗa guda babu. Na ce a goge wasu. Ya kalle ni kamar na ce a yanka su. Ya nuna mini wata ja mai dogayen ƙaho, ya ce ta mutu bara, ita ce uwar rabin garkensa, kuma nan kaɗai ta rage.

Na kwashe masa hotunan na zuba a tawa. Da ya ga jar saniyar ta cika allo, ya tuɓe malafa ya durƙusa yana ta kallonta. Daga ranar ya zama ɗan fada. Ya taɓa lakol yana yaro kafin a cire shi a tura kiwo, haruffa ba su gudu duka ba. Na koyar da yara fiye da yadda zan iya tunawa, amma ban taɓa samun ɗalibi irin wannan ba. In na faɗi abu, sai ya maimaita a hankali, ya tafi da shi ruga, ya dawo mako mai zuwa da tambayar da ta fito daga cikinsa. Malam yake ce mini, kuma in ya faɗa sai in ji da gaske yake.

Matsalar ita ce ba shi da tasa. Wata rana ana hira ya ba mu labarin habbanaye, al'adarsu ta Filani. In kana da aboki da ba shi da dabba, sai ka ba shi karsana ya riƙe. Ya sha nononta, ta haihu a hannunsa, ƴaƴan nasa ne, sannan ya maido maka da uwar. Ya ce saniyar habbanaye ta fi naka daraja, ba a dukanta, ita ake fara shayarwa a rijiya. Lokacin ɗiyata da ke aiki a Maradi ta riga ta kawo mini wata ƴar ordinatar mai dama-dama. Ban yi dogon tunani ba na ɗauki tsohuwar baƙar na ɗora masa a cinya, na ce ga habbanaye, ya riƙe har ta haihu. Fada ta fashe da dariya, tela na tambaya wane sa ne zai hau ta. Na ce haihuwarta ita ce ran da ya ƙware har ya isa ya riƙe tasa ta kansa, kuma ni zan faɗi ranar. Shi bai yi dariya ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ya karɓa.

Ya sayi ɗan pano, faifan nan mai kama hasken rana, yana caza ta a ruga. Muka buɗe wa kowace saniya nata dosiye, wato nata ɗaki a cikin ordinatar, da sunanta, da hotunan ƴaƴanta a ƙarƙashinta. Yatsunsa sun saba da igiya, in ya danna maɓalli harafi sai ya fito jere kamar tururuwa. Na riƙe yatsan nan nasa da hannuna har ya koyi sassautawa. A raina na riga na tsara yadda za a ƙare. Wata rana, ba da wuri ba, zan sa babbar riga mu hau mota ni da shi zuwa Maradi, in shiga shago in juya wannan in ƙwanƙwasa waccan, in zaɓar masa tasa da hannuna. Ban gaya wa kowa ba, amma na je Maradin nan a zuci ya fi sau nawa.

Sai Allah ya kawo taubashina.

Ɗan gwaggona ne, haifaffen Gidan Rumji, sa'ana. Tun da ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, a wasan taubasai bawana ne, kuma tun muna yara ba ya kirana da komai sai ubangidana, da wata murya da ke sa in ji kamar in maƙure shi. Ya yi aikinsa duka a buron, wato ofishin, kula da dabbobi, yana yawo ruga-ruga da allura. Da ya gama aiki sai ya dawo Cadawa ya zauna kusa da dangin matarsa. Na yi murna, Allah ya sani. Da bakina na ce ya zo fada ya ga abin da ubangidansa ya gina. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ya zo kan moto, wato babur, da wata ordinatar siririya kamar faifan tuwo, da wata ƴar jaka cike da ƙananan ƙarafan kwance ƙusa. Ranar bazara ce, ɗan kasuwa na kukan tasa tana zafi tana mutuwa da kanta. Na fara masa bayanin katako biyu kamar yadda na saba. Taubashina ya bari na gama tsaf, sannan ya ce katakon ubangidansa dabara ce mai kyau, amma jakin da hancinsa ya toshe ko a inuwa aka ɗaure shi haki zai yi. Ya kifa ordinatar mutumin, ya kwance bayanta, abin da ni ban taɓa yarda in yi ba ko a mafarki. Ya sa tsinke ya zaro wani curin datti daga bakin fankar ciki, kamar audugar da aka tattake. Ya hure, ya mayar, ya kunna. Na'ura ta yi shiru kamar ba ita ba.

Ina kallon hannun tela lokacin da ya ɗauko kofin farko. Ya nufo ni don sabo, ya tsaya a iska, sannan ya wuce ni. Na ce ai daidai ne, doka doka ce, har na tafa. Shayin da ya zo mini daga baya kuwa ruwan zafi ne da sukari.

Na ce wa kaina baƙo raɓa ne, dabarunsa za su ƙare. Ina! Mako na gaba ya nuna musu yadda ake hana ordinatar shanye kuɗin waya a ɓoye in an jona ta da intanet. Na gaba ya koya musu tura hoto daga waya ba tare da igiya ba, abin da ni nake ɗaukar rabin yamma ina yi da wata wayar caji mai tsinkewa. Kuma duk abin da zai faɗa sai ya fara da neman izinin ubangidansa, fada na dariya, ni ma ina dariya, haƙorana kaɗai. Abin haushin, mutumin ba mugu ba ne. Da mugu ne da na samu inda zan kama. Ba ya rowa, ba ya gajiya da tambaya, ko ya ga ka yi wauta sai ya ce shi ma haka ya fara.

Kofin shayi bai dame ni can ba, tela da ɗan kasuwa kuma su je su ƙarata, dama kallon kokawa ya kawo su. Abin da ya tsaya mini a wuya ɗalibina ne. Ran da suka fara haɗuwa, taubashina ya leƙa allon baƙar ordinatar ya ga wata saniya, sai kawai ya juya harshe zuwa Fillanci. Ashe shekarun allurar nan bai yi su a banza ba. Bafillacen ya ɗago kai, fuskarsa ta washe irin washewar da ban taɓa gani ba duk zamana da shi. Suka yi ta yi, suna nuna ƙaho suna nuna ƙafa, suna ƙyalƙyata dariya. Ni da na buɗe wa saniyar nan dosiye da hannuna ina zaune tsakaninsu kamar turmi. Da na tambaya me ake cewa, taubashina ya ce maganar bayi ce, ba ta iyayen gida ba.

Kishi na ji, ƙarara, irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Na fara lura da inda Bafillacen ke ajiye tabarmarsa. Da can kusa da ni yake zama har gwiwarmu na haɗuwa. Yanzu ya koma tsakiya, daga tsakiya kuma kullum sai ya ɗan gusa. Har yanzu ni yake fara gaisarwa, ni yake kawo wa nono a ƙwarya, amma tambayoyi sun fara rabuwa biyu. Masu sauƙi nawa, masu wuya na wancan. Mai ɗakina ta ga ina juya abinci, ta ce in bar wa mutane ɗansu, ai ilimi ba gonar gado ba ce. Na ce mata ba ta san komai ba a kan ordinatar. Ta ce ita ma ba maganar ordinatar take ba.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na kwana biyu ina tambayar ɗiyata ta waya, na haɗo dabara a kan cutar nan da ke shiga kile ta ɓoye wa mutum kayansa ya zaci sun goge. Na zo fada na baje ta tun daga tushe, yadda nake yi wa ƴan aji shida. Aka saurara, aka yaba, kofi ya dawo hannuna. Ina cikin kurɓa sai na ji Bafillacen ya juya yana tambayar taubashina da Fillanci, shi kuma yana ba shi amsa yana nuna ni da baki. Wato darasina ake fassara masa. Ni na yi noman, wani ke kai masa tuwon a baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, lokacin tashin Filani ya yi, za su ja shanu arewa nesa da gonaki sai kaka. Na san zan yi watanni ban ga ɗalibina ba, kuma na ƙudura cewa abin da zai tafi da shi a ransa nawa zai zama. Na sa tela ya ɗinka mini jaka ta tamfol mai ruɓi biyu, daidai girman baƙar ordinatar, wadda ruwa ba zai ratsa ba. Ban ba shi a fada ba, don kada wani ya sa baki. Da hantsi na hau kabu-kabu na nufi ruga, abin da ban taɓa yi ba, ina ta shirya jawabin da zan yi masa a kan damshi da kiyaye batir.

Tun daga nesa na hango moton a jingine da amalanke. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna.

Suna zaune ƙarƙashin wani gawo. Taubashina ya miƙe ƙafa kan tabarma kamar gidan ubansa, ƙwaryar fura a gefensa har ta yi rabi. A gabansa an shimfiɗa farin zane, a kan zanen kuma ordinatata ce a kife, cikinta a buɗe, ƙusoshinta a cikin murfin kwano. Ya ciro wani abu daga cikinta ya ajiye gefe, yana soka wani. Bafillacen ya taso da gudu ya karɓi jakar hannuna bai ma san tasa ba ce, yana ta sannu da zuwa, yana kiran a kawo ruwa. Cikin murna ya gaya mini wai diskin ciki ake sake mata, rumbun da take ajiye komai, an ce sabon ba ya juyi, ba ya jin girgizar jaki, kuma za ta riƙa tashi nan take. Taubashina ne ya kawo daga wata tsohuwar na'urarsa, kyauta.

Ban zauna ba. Na tambaya wa ya ba da izinin buɗe ta.

Taubashina ya ɗago yana murmushi, ya ce da Gobirancinsa, "Ubangidana, mi ya yi zahi? Wagga saniya taka tsohuwa ta, magani nika yi mata."

Kowa ya san ba a fushi da taubashi. Ko rigarka ya tuɓe a kasuwa, dariya za ka yi ka rama wata rana, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. Na san wannan tun kafin in san karatu. Amma ranar ban ga taubashi ba, mutum na gani zaune inda ya kamata in zauna, hannunsa cikin kayana. Na ce masa ya cire hannunsa, kuma na faɗa da muryar da ba ta wasa ba, har matan da ke daka suka tsaya. Ya sake gwada dariya, ya ga ba ta karɓu ba, ya ajiye ƙarfen a hankali.

Sannan na juya kan Bafillacen. Na ce, "Kai ka koya mana al'adar nan da bakinka. In an ba mutum saniyar habbanaye, yana kiran baƙo ya farka mata ciki mai ita bai sani ba? Haka kuke yi?"

Da na zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tuɓe malafa, ya dubi ƙasa. Yaransa na leƙe daga bayan bukka. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam." Aka kawo ruwa ban sha ba. Na ce jakar tasa ce, saboda ruwan sama, ya yi godiya bai ɗago ba. Mai kabu-kabu bai riga ya juya ba, na haye muka tafi. A hanya ina ta gaya wa kaina ai ni ke da gaskiya, kuma har yau ban ga inda na yi ƙarya ba. Kayana ne, sai a tambaye ni.

Damina ta yi kyau a shekarar. Fada ta rage, kowa na gona. Taubashina bai fasa zuwa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba, ya ci gaba da ubangidana kamar ba abin da ya faru, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ni kuwa lissafina ɗaya ne. In Filani sun dawo zan karɓi ɗalibina hannu biyu, in ce abin da ya wuce ya wuce, in ma nuna na yarda da sabon diskin tunda an riga an sa. Zan ja shi gefe mu ci gaba daga inda muka tsaya. Saura da yawa bai iya ba, habbanaye kuma na hannunsa, dole ya dawo wurina.

Aka yanke gero, shanu suka dawo cin kara a gonaki. Washegarin wata kasuwa sai ga ɗalibina, ya rame ya yi baƙi, da kaya biyu a hannu. Ya gaishe ni ya gaishe da kowa. Sannan ya durƙusa a gabana ya kwance ɗaya. Baƙar ordinatata ce, an goge ta har tana ƙyalli, da sharjarta a naɗe, da ƙwaryar man shanu a gefe.

Ya ce, "Malam, ga amanarka. Yadda ka ba ni haka take. Tun ranar na sa aka mayar mata da abinta na ciki."

Na ce ai ba ta haihu ba, ni zan faɗi ranar, haka muka yi. Ya ce haka ne, amma shi ba zai iya riƙe abin da ya sa ɗan mace da ɗan namiji suka ɗaga wa juna murya a ƙofar bukkarsa ba. Kunyar ta hana shi barci duk damina. Saboda haka ya sayar da bijimi guda ya sayi tasa, don kowa ya huta. Ya kwance ɗaya kayan, ga ta nan, ruwan toka, a cikin leda. Ban tambayi wanda ya raka shi Maradi ba. Ɗan kasuwa ne ya tambaya, Allah ya shirye shi. Aka ce a kan moto suka je, sun shiga shago ya fi biyar kafin taubashina ya yarda da wannan.

Fada ta ɗauki yabo. Aka ce Malam ya yi abin kirki, aka ce ba a taɓa ganin habbanaye irin wannan ba, aka yi mini addu'a na shafa. Taubashina ya ce a gaida ubangidansa mai kiwon ordinatar, wannan karon a hankali ya faɗa, bai dube ni ba. Don in samu abin yi da hannuna sai na kunna baƙar. Ta ɗauki lokacinta. Da ta buɗe na nemi shanun. Ba ko ɗaya. Jar mai dogayen ƙaho, da ƴaƴanta, da sunayen da muka rubuta harafi-harafi ina riƙe da yatsansa, duk an kwashe an kai sabon gida. Tsoffin takardun jarrabawata kaɗai suka rage, inda na bar su.

Bafillacen ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ni ranar, don girmamawa, gwiwarmu har tana haɗuwa. Ya buɗe sabuwar yana nuna wa tela maruƙan da aka haifa a arewa. Ina kallon hannunsa ta gefen ido. Sai na ga ɗan yatsansa ya goga wani maɓalli a layin sama bai sani ba, ƴar kibiyar da ke yawo a allo ta tsaya cak. Ya shafa, ya sake shafawa, ta ƙi motsi. Na san abin da ya faru, na ga maɓallin da idona, danna ɗaya ne. Na gyara zama, na buɗe baki.

Kafin in yi magana ya rungumi ordinatar ya miƙe. Ya ce mini gafara, Malam, ya zagaya ta bayana don kada ya tsallake ƙafata, ya je ya durƙusa gaban taubashina. Na ji Fillanci ya tashi ƙasa-ƙasa. Na rufe bakina.

Har yau yana zuwa fada in suna kusa. Ni yake fara gaisarwa, da hannu biyu, kuma duk sallah sai ƙwaryar nono ta iso gidana. Yakan tambaye ni ya jiki, ya iyali, ya gajiya, ya ƙafar nan da ke damuna. Bayan wannan bai sake tambayata komai ba.